Bugun Zuciyar da Ke Jefa Gudan Jini Cikin Ƙwaƙwalwa: Haɗarin da Ba a Cika Lalubawa Ba a Kadawa

Da zarar an gama yankan shinkafar damina, sauran karkarar Kano kan ɗan miƙe ƙafa, amma ban da yankin Kadawa. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin mulkin Audu Baƙo, yana biyo babbar hanyar ruwa ya rarrabu cikin ƙanana, ya shiga gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Alkama ta tsiro, albasa ta yi kai, manyan motoci su yi layi a Kwanar Gafan suna jiran kwandunan tumatir. Kimanin shekara 50 ke nan ana wannan hidima, kuma samarin da suka fara kama filaye a farkon shirin yau su ne dattawan gari. Da yawansu sun haura 70, suna fita gona har gobe.

Shanyewar ɓarin jiki ba baƙon ciwo ba ne a wajen waɗannan mutane. Kowa ya san yadda take zuwa. Dattijo ya idar da sallar Asuba lafiya lau, ya miƙa hannu zai ɗauki kofin koko, hannun ya ƙi. A yi masa magana, sai a ga baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. Kafin hantsi gida ya cika, kowa da fassararsa. Wani ya ce iska ce ta buge shi a bakin ruwa, wani ya ce jifa ne saboda rikicin iyakar gona, masu zuwa asibiti kuma su ce jininsa ne ya hau.

Na ƙarshen nan sun fi kusa da gaskiya. Wani babban bincike da ake kira SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na koyarwa na Kano da Zariya, ya fitar da sakamakonsa a 2018. An kwatanta mutum 2,118 da suka samu shanyewar ɓarin jiki da wasu 2,118 da ba su samu ba, aka gano hawan jini na da hannu a kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin. Matsakaicin shekarun marasa lafiyar 59 ne kacal.

Sai dai hawan jini ba ta hanya ɗaya yake ɓarna ba. Yakan fasa jijiya a cikin kai, yakan kuma taurara jijiyoyi har su toshe. Akwai ta uku da ba a cika zancenta ba: shekara da shekaru yana wahalar da zuciya har ɗakunanta na sama su buɗe, bugunta ya hargitse. Wannan hargitsewar, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da AF, ita ce ke haɗa gudan jini a cikin ƙirji ta aika shi ƙwaƙwalwa.

Yadda gudan jinin ke haɗuwa

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama su ke karɓar jinin da ya dawo, su matsa, su zuba shi cikin na ƙasa; na ƙasa kuma su harba shi zuwa huhu da sauran jiki. Mai ba da umarnin wannan aiki wani ɗan ƙulli ne a ɗakin sama na dama, wanda ke sakin siginar lantarki sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, daki-daki, dare da rana.

A jikin mai AF, umarnin ya kuɓuce daga hannun wannan ƙulli. Sigina na tasowa daga ko'ina a bangon ɗakunan sama, sau 300 zuwa 600 a minti, ta yadda tsokar ba ta samun damar matsawa, sai dai karkarwa. Ɗakunan ƙasa suna amsa wasu daga cikin siginar su bar wasu, shi ya sa bugun da ake ji a hannu kan zo babu tsari: biyu a jere da sauri, sai jinkiri, sai uku, sai ɗaya mai rauni.

Mutum na iya rayuwa da wannan shekaru. Ba karkarwar ce ke kisa kai tsaye ba. Matsalar tana cikin wani ɗan aljihu da ke manne da ɗakin sama na hagu, tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba. Idan zuciya na bugawa daidai, kowane bugu na wanke aljihun. Idan ta koma karkarwa, jini ya kwanta a ciki ya fara daskarewa.

Manomin Kadawa ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ya san hanyar ruwan da ke gudu da ƙarfi ba ta tara laka. Inda ruwa ya samu lungu ya kwanta, nan taɓo ke taruwa, kacala ta kafa saiwa. Ran da curin ya ɓalle, sai ya bi ruwa ya toshe tiyon wani can ƙasa, kuma filin da tiyon ke shayarwa shi ke bushewa, ba lungun da curin ya fito ba. Haka gudan jinin ke fita daga zuciya, ya bi babbar jijiya, ya haura wuya, ya maƙale a inda hanya ta ƙuntata cikin ƙwaƙwalwa. Sashen da ya rasa jini ya fara mutuwa cikin mintuna, hannu ko ƙafa ko harshen da yake sarrafawa su bi shi. Nazarin da aka yi a 1996 ya nuna cewa a masu AF da ƙofofin zuciyarsu ke lafiya, kusan kashi 90 cikin 100 na gudajin jinin da ake samu a ɗakin hagu cikin wannan aljihun suke.

Girman haɗarin ya fito fili ne daga wani ƙaramin gari a Amurka mai suna Framingham, inda tun 1948 likitoci ke bin lafiyar dubban mazauna garin. Rahotonsu na 1991 ya nuna mai AF ya ninka wanda ba shi da ita kusan sau 5 wajen haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Wani rahoton na 1996 daga wannan gari ya ƙara da cewa irin wannan shanyewar ta fi muni: kashi 25 cikin 100 na masu AF sun rasu cikin wata guda da kamuwa, alhali a sauran kashi 14 ne. Dalili a bayyane yake. Gudan da ya fito daga zuciya yakan yi girma, don haka babbar jijiya yake toshewa.

"Gabana ne ke faɗuwa"

Abin da ya sa ciwon ke wuce mutane shi ne alamunsa sun yi kama da gajiyar yau da kullum. Wanda ya wuni yana juya ruwa daga fangali zuwa fangali, ya dawo yana haki, wa zai ce masa zuciya ce? Wani zai ce gabansa ne ke yawan faɗuwa, a ba shi addu'o'in tsari. Wata za ta ce tana jin abu na tsalle a ƙirjinta, a ce olsa ce, a sayo mata ruwan maganin olsa a kemis. Jiri, saurin gajiya, numfashi sama-sama idan an hau gangare, duk ana jingina su ga tsufa ko zafin rana. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu AF ma ba sa jin komai. Shanyewar ɓarin jikin ita ce sallamar farko da ciwon ke yi musu.

Abin takaicin kuwa, laluben farko bai buƙatar ko sisin kwabo. Mutum ya zauna ya huta na minti biyar, ya juya tafin hannunsa sama. Mai dubawa ya ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannun, daidai ƙasan gindin babban yatsa, ya ɗan danna har ya ji motsi. Ba a sa babban yatsa, domin shi ma yana da nasa bugun. Sai a tsaya minti ɗaya cikakke, ba don ƙirga kawai ba, don a ji ko tazarar da ke tsakanin bugu da bugu iri ɗaya ce. Tsallake ɗaya jefi-jefi ba abin tashin hankali ba ne, yana faruwa ga masu lafiya. Amma idan an kasa gane inda bugu na gaba zai faɗo, kuma ƙarfinsu ya bambanta, to akwai dalilin zuwa asibiti a nemi gwajin ECG, wanda ake manna wayoyi a ƙirji na'ura ta zana bugun a takarda. Shi ke tabbatarwa. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta daɗe tana ba da shawarar a riƙa laluba bugun duk wanda ya kai 65 idan ya zo asibiti, ko da ciwon ƙafa ne ya kawo shi.

Yawancin na'urorin awon jini masu batir, irin waɗanda suka cika kemis-kemis yanzu, suna nuna wata 'yar alamar zuciya a fuskarsu idan sun ji bugu marar tsari. Mai awo kan karanta lambobi biyun nan ya naɗe kayansa, bai ko kalli alamar ba.

Akwai kuma wata wahalar. A wasu mutane AF zuwa take ta tafi. Ta yi awa biyu da daddare, da safe a je asibiti a samu komai daidai. Irin waɗannan akan ɗaura musu ƙaramar na'ura su kwana da ita, ta naɗi bugun na awa 24 ko fiye. A ƙasashen masu kuɗi agogon hannu ya shiga wannan aiki. Binciken da aka yi da agogon Apple a 2019 ya haɗa mutum fiye da 400,000. Wannan labarin wata duniya ce. A Bunkure yatsu biyu ne abin da ke hannun kowa.

Idan an tabbatar da ciwon, likita kan yi wani ɗan lissafi da aka tsara a 2010 don auna haɗarin kowane mutum. Daga cikin abubuwan da ake lissafawa, hawan jini maki 1, ciwon sukari maki 1, gazawar zuciya maki 1, ciwon jijiyoyin jini maki 1, shekara 65 zuwa 74 maki 1, daga 75 zuwa sama maki 2, wanda kuma ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko da ta ɗan lokaci ce, maki 2. Manomi mai shekara 68 da ke da hawan jini ya riga ya samu maki 2, kuma daga nan ake ba da shawarar fara maganin tsinka jini.

A nan, ciwon ba na tsofaffi kaɗai ba ne

A Turai da Amurka AF ciwon furfura ne. A Afirka hoton ya sha bamban, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi shafar gidajen yankin Kadawa. Wani bincike da ya bi marasa lafiya fiye da 15,000 da suka je sashen gaggawa da AF a ƙasashe sama da 40 ya gano cewa na Afirka sun fi ƙarancin shekaru, matsakaicinsu wajen 57. Fiye da kashi 20 cikin 100 nasu ƙofar zuciyarsu ce ta lalace, alhali a Arewacin Amurka abin bai wuce kashi 2 da ɗoriya ba. Da aka sake duba su bayan shekara guda, a rahoton 2016, kashi 20 cikin 100 na 'yan Afirkan sun rasu, ninki biyu na abin da aka gani a Arewacin Amurka da Yammacin Turai, kashi 8 kuma sun samu shanyewar ɓarin jiki.

Wannan lalacewar ƙofa daga maƙogwaro take farawa. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya yi zazzaɓi da ciwon wuya, haɗiyar yawu ta gagara. A gidaje da yawa sai a ce belu ne ya sauko, a kira wanzami, ko a ce haƙin wuya ne. Wani lokacin kuwa wata ƙwayar cuta ce da penisilin ke kashewa cikin sauƙi. Idan ba a kashe ta ba, bayan mako biyu ko uku garkuwar jikin wasu yaran kan rikice ta afka wa gaɓoɓi da zuciya. Gwiwa ta kumbura yau, gobe idon sawu, a ce sanyin ƙashi ne, ya wuce. Amma duk dawowar ciwon tana barin tabo a ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagu, har ta ƙanƙance. Jini ya riƙa cunkushewa a ɗakin sama, ɗakin ya kumbura, bugu ya hargitse. Cunkoson ɗakin kwana, wanda ya zama ruwan dare a gidajen karkara da makarantun allo, yana cikin abubuwan da suka fi yaɗa ƙwayar.

Fiye da mutum miliyan 40 ke ɗauke da wannan ciwo na lalacewar ƙofar zuciya a duniya, kuma a watan Mayun 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa. Binciken REMEDY, wanda ya tattara marasa lafiya 3,343 daga ƙasashen Afirka 12 har da Najeriya, da Indiya da Yaman, ya nuna ko su wane ne: rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kashi biyu cikin uku mata ne, kuma fiye da ɗaya cikin biyar na da AF. Idan ƙanƙancewar ƙofa ta haɗu da AF, alƙaluman Framingham na 1978 sun ce haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ninka sau 17. Irin wannan mara lafiya ba a yi mata lissafin maki, kai tsaye ake fara magani.

Ke nan wadda ya kamata a laluba bugun hannunta ba lallai kaka ba ce. Tana iya zama matar aure 'yar shekara 25 a Kura, mai sana'ar turara shinkafa, wadda ta fara kasa ɗaga tukunya, take kwana a jingine saboda numfashi, musamman da ciki ya tsufa. Juna biyu na ƙara yawan jinin jiki da kusan rabi, kuma a lokacin ne ƙofar da ta ƙanƙance ke gazawa. Sau da yawa sai a ce laulayi ne.

Maganin da ya fito daga garken shanu

Maganin da ya fi daɗewa a wannan fage tarihinsa na manoma ne. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa a arewacin Amurka da Kanada, jini na zuba daga ƙaramin rauni ya ƙi tsayawa. Aka gano harawar da ta yi fumfuna suke ci. A 1933 wani manomi a jihar Wiskonsin ya kai wa masanin sinadarai Karl Paul Link gwangwanin jinin saniyarsa da ya ƙi daskarewa. Daga ɗakin binciken Link aka fitar da sinadarin, aka sarrafa shi ya zama wafarin. A 1948 an fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera, a 1954 aka amince a ba mutane, shekara guda bayan haka aka ba Shugaba Eisenhower bayan ciwon zuciyarsa. Kada wannan tarihi ya ruɗi kowa: maganin ɓeran da ake tallarsa a kasuwa guba ne, ba shi ne ƙwayar da likita ke aunawa ba.

Da aka haɗa sakamakon gwaje-gwajen da aka yi, a 2007, an ga wafarin na rage shanyewar ɓarin jiki a masu AF da kashi 64 cikin 100. Asfirin, wanda dattawa da yawa ke haɗiya kullum da sunan Vasoprin suna ganin sun tsinka jini, ragin da yake yi wajen kashi 20 ne, kuma shi ma yana sa zubar jini. Shi ya sa ƙa'idojin likitocin zuciya na yanzu suka daina lissafa shi a matsayin kariya ga mai AF.

Wafarin ba shi da tsada, amma yana da sharaɗi mai nauyi. Idan ya yi kaɗan bai hana gudan jini ba. Idan ya yi yawa, jini na iya ɓallewa a ciki ko a ƙwaƙwalwa. Ana gane daidai ne da gwajin jini mai suna INR, wanda ake so ya tsaya tsakanin 2 da 3, a riƙa yinsa a kai a kai da farko, daga baya kamar wata-wata. Abubuwa da dama na karkata wannan ma'auni, kuma kusan dukkansu suna cikin rayuwar Kadawa.

Na farko ganye. Zogale, alayyafo, rama, lalo, kabeji da latas na ɗauke da sinadarin bitamin K, wanda ke rage ƙarfin maganin. Ba a cewa a daina ci. Binciken SIREN ma ya nuna masu cin ganye kullum sun fi tsira daga shanyewar ɓarin jiki. Abin da ake so shi ne kada cin ya riƙa hawa da sauka, mako guda kwaɗon zogale safe da yamma, mako na gaba babu ko ɗaya. Na biyu kemis. Flagyl da Septrin, da ake saya kamar gyaɗa idan ciki ya ɓaci, suna ƙara wa wafarin ƙarfi ƙwarai. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, abokan 'yan ƙwadagon shinkafa, suna iya fasa jini a tumbi. Jiƙe-jiƙen gargajiya kuwa ba wanda ya san abin da za su yi wa ma'aunin. Na uku ƙarfe: lauje, faɗuwa daga babur, cire haƙori, da ƙahon wanzami, wanda mutane da yawa ke zuwa yi da niyyar fitar da mataccen jini idan sun ji jiki ya yi nauyi. Mai shan maganin tsinka jini bai kamata ya kwanta gaban wanzami ba tare da sanin likitansa ba.

Har alamar haɗarin ma tana iya ɓuya. Fitsarin jini na cikin abubuwan da ke nuna magani ya yi yawa, amma a yankin da mutane ke wuni cikin ruwan ban-ruwa, an saba ganinsa a ce tsargiya ce. Baƙin bayan gida, haɓo da ya ƙi tsayawa, dasashi mai zubar jini, duk na buƙatar komawa asibiti a ranar. Mace mai shan wafarin kuma dole ta yi shawara da likita kafin ta ɗauki ciki, domin yana iya nakasa ɗan tayi a watannin farko.

Daga 2009 zuwa 2013 aka fitar da sakamakon manyan gwaje-gwajen sababbin magunguna, dabigatran da rivaroxaban da apixaban da edoxaban, waɗanda ba sa buƙatar gwajin wata-wata, ba ruwansu da ganye, kuma sun fi sauƙin haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna a 2019. Ga dattijo mai hawan jini da ke zaune nesa da ɗakin gwaji, su ne suka fi dacewa, in aljihu zai ɗauka, domin kuɗinsu ya ninka na wafarin sau da yawa kuma ba a fashi.

An yi fatan su maye gurbin wafarin ga masu lalatacciyar ƙofa su ma. Gwajin INVICTUS, wanda aka yi a ƙasashe 24 na Afirka da Asiya da Latin Amurka kan marasa lafiya kimanin 4,500, mafi yawansu mata, ya zo da akasin haka a 2022. Waɗanda aka ba rivaroxaban sun fi mutuwa, kashi 8 cikin 100 a shekara, alhali a ɓangaren wafarin kashi 6.4 ne. Masu binciken da kansu sun yi mamaki, suka ce mai yiwuwa zuwan da masu wafarin ke yi asibiti duk wata don gwaji ya sa ana lura da sauran matsalolin zuciyarsu da wuri.

To a nan gizo ke saƙa. Waɗanda suka fi kowa haɗari, matasan mata masu ƙanƙantacciyar ƙofa, su ne dole sai tsohon magani mai buƙatar gwaji, gwajin kuma ya fi samuwa a birni. A binciken REMEDY, cikin waɗanda aka auna musu INR, ƙasa da kashi 30 cikin 100 ne ma'auninsu ke inda ake so. Ba taurin kai ba ne. Wadda za ta nemi izini, ta nemi kuɗin mota zuwa Kano da na gwaji, ta bar yara da tukunyar shinkafa, sau 12 a shekara, an ɗora mata abin da ko ma'aikacin albashi sai ya yi da gaske. Alhali akwai ƙananan na'urorin INR da ke aiki da ɗigon jinin yatsa kamar na awon sukari. Ajiye irinsu a babban asibitin Kura da cibiyoyin Bunkure da Garun Malam, tare da na'urar ECG da wanda ya iya karanta ta, ba aikin biliyoyi ba ne. Ginshiƙin ma akwai shi: tun 2020 aka zaɓi Kano da Ogun don fara shirin shawo kan hawan jini a asibitocin matakin farko, da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya. Hannun da ake ɗaura wa abin awo shi ne dai hannun da za a laluba bugunsa, ƙarin minti ɗaya ne.

Idan abin ya riga ya faru

Alamu uku ake dubawa: baki ya karkace idan an ce ya yi murmushi, hannu ɗaya ya zube idan an ce ya ɗaga biyun, magana ta sarƙe. Ko ɗaya aka gani, mota za a nema, a kuma riƙe lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe yana lafiya. An ƙiyasta ƙwaƙwalwa na rasa ƙwayoyin halitta kusan miliyan 2 a duk minti idan babbar jijiya ta toshe, kuma allurar narkar da gudan jini, a inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko take amfani. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya, ɓangaren da mai fitowa daga Kadawa ke shigowa gari, tafiyar da ba ta cika wuce awa guda ba. Abin da ke cinye lokacin yawanci a gida yake: jiran babban wa, jiran mai magani, jiran a ga ko zai sake shi. Addu'a ba ta hana tafiya, ana iya yinta a cikin mota. Amma ɗura ruwa ko rubutu ko kunu a bakin wanda haɗiyarsa ta lalace yana tura su huhu, kuma ciwon huhun da ke biyo baya na cikin manyan masu kashe irin waɗannan marasa lafiya. Haka ba a ba da asfirin kafin hoton kai, domin a binciken SIREN kusan kashi ɗaya cikin uku na shanyewar daga fashewar jijiya ce, ba toshewa ba.

Akwai kuma wadda ke zuwa ta wuce: hannu ya mutu na minti goma, ko ido ɗaya ya rufe, ko magana ta ɗauke, sannan komai ya dawo. Gida kan yi hamdala a koma gona. Ƙaramin gudan jini ne ya toshe ya narke, kuma kwanakin da ke biye su ne mafi haɗari.

Ko babba ce ko ƙarama, iyalin mara lafiya na da haƙƙin tambayar likita ko an duba bugun zuciyarsa da ECG, domin amsar ita ke sauya maganin da zai koma gida da shi. Gwajin da aka yi a Turai a 1993 kan masu AF da suka riga suka samu ƙaramar shanyewa ya nuna cewa cikin waɗanda ba a ba maganin tsinka jini ba, 12 cikin 100 na sake kamuwa duk shekara. Cikin waɗanda aka ba, 4 ne.